Kwana Biyar a Ogba: Yadda Muka Kama Masauki a Legas

Tun ranar da aka tsayar da ɗaurin auren ƙanena a Agege, tambaya ɗaya ta hana ni sakat: ina Hajiya, mahaifiyarmu, za ta kwana? Shekarunta sun haura saba'in, gwiwa ta hana ta hawa bene, ga ciwon suga da ake yi mata allura safe da yamma, maganin kuma ba ya zama sai a firji. Mu shida ne za mu tashi daga Kano: ni da maiɗakina, da Hajiya, da Gwaggo, da ƙanwata da yaronta na goye.

A al'adarmu wannan ba abin tambaya ba ne. Kana da ɗan'uwa a gari, kana da masauki. Kawu ya fi shekara arba'in a Agege, can ya yi aure, can ya haifi 'ya'yansa, kuma shi ne ya riƙe ƙanen nawa tun yana yaron shago. Amma na san gidansa. Ɗaki biyu ne da falo a sama, mutum tara ke ciki, banɗaki ɗaya, ga 'yan biki da za su zo daga Zariya da Sakkwato. Da na kira shi na ce ina tunanin mu kama gidan haya na 'yan kwanaki, sai ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can ya ce, "Yanzu yayata za ta zo Ikko ta kwana a gidan kuɗi, ina raye? Me mutanen unguwa za su ce?" Na ce, "Kawu, Allah ya huci zuciyarku. Ku duba matakalar nan taku, ku duba ƙafarta." Ya ce zai yi tunani. Bayan kwana biyu ya kira da sharaɗi: gidan ya kasance kusa da shi, kuma abincin dare daga tukunyarsa zai fito. Na amsa da hannu biyu.

Irin gidan nan a Legas "shotlet" suke ce masa. Gida ne da kayansa, gado da katifa, kujeru, kicin da tukwane, ka kama na kwana ɗaya ko mako ko wata. Na fara da Airbnb da Booking.com, shafukan intanet na kama masauki, don in san yadda farashi yake. Abin da ya burge ni da Airbnb shi ne kuɗinka ba ya isa hannun mai gida sai kamar kwana ɗaya bayan ka shiga, kuma ba mai iya rubuta ra'ayi a kan gida sai wanda ya kama shi. Sai dai mafi yawan gidajen da na gani a can suna Lekki ne da Victoria Island da Ikoyi, su kuma na ɓangarenmu yawanci a hannun dillalai suke, a WhatsApp da Instagram ake cinikinsu.

A nan na yi asara, kuma gara in faɗe ta yadda take. Na ci karo da wani shafi mai hotuna masu ɗaukar ido: ɗaki uku a Ikeja, dubu sittin a kwana, alhali irinsa a wasu wuraren ya haura dubu ɗari. Mutumin ya iya magana, ya ce wasu ma suna nema, in tura dubu talatin ya riƙe mini. Na lura sunan da ke kan asusun bankin ba shi da alaƙa da sunan kamfanin da ke shafin, na tambaya, ya ce na akawunsu ne. Na tura. Washegari na ba ɗan Kawu adireshin ya je ya duba. Ya kira ni daga bakin titin ya ce, "Yaya, lambar nan shagon gyaran firji ne." Kafin azahar lambar wayar mutumin ta daina shiga. Dubu talatin ba ta kashe ni ba, amma na kwana ina tunanin da ban aika yaron ba, da sai mun iso da tsohuwa cikin dare, bayan tafiyar kwana biyu, mu tsaya a ƙofar shagon firji.

Daga nan na canja hanya. Na ce wa ɗan Kawu ba zan ƙara fitar da ko sisi ba sai ƙafarsa ta taka gidan. Ya duba uku a yini biyu. Na farko a Oko-Oba yake, kusa ƙwarai, amma hawa na biyu ne. Na biyu ya yi kyau a hoto, da ya shiga sai warin danshi ya tare shi, bangon ɗaki ɗaya duk ya yi baƙi. Na uku a Ogba, cikin wani rukunin gidaje mai ƙofa ɗaya, ɗaki uku a ƙasa. Ya kira ni ta bidiyo, na sa ya buɗe kowane famfo, ya kunna kowace na'urar sanyaya ɗaki, ya buɗe firji ya sa hannu, ya fita har bakin titi ya nuna mini lambar gidan.

Sai ya yi wani abu da ban sa shi ba, wanda a ganina shi ya fi duk sauran amfani. Da matar da ke kula da gidan ta koma ciki, ya tsaya wajen maigadi. Bahaushe ne, mutumin Gumel. Suka gaisa, ya ce masa, "Malam, don Allah tsakaninka da Allah, uwata ce za ta sauka a nan, ya wuta, ya ruwa?" Maigadin ya ce wutar layin tana da kyau, amma janareton gidan ba a tayar da shi da rana, sai daga bakwai na yamma zuwa bakwai na safe; in an ɗauke da rana inbata, wato na'urar batir mai adana wuta, ce ke riƙe fitila da fanka da firji, ba ta ɗaukar na'urar sanyi. Ruwa na burtsatse ne, ba ya yankewa, amma kada a sha. Titin ba ya cika da ruwa in an yi sama. Gidan da ke sama kuma samari kan kama shi ranar Asabar su yi kiɗa. A tallar an rubuta "wuta awa 24" ne kawai. Duk wanda zai kama gida a Legas, in ya ga ɗan Arewa a bakin ƙofa, ko mai shayi ko mai kanti a kwanar layin, ya tsaya ya gaishe shi. Shi ke kwana a wurin, kuma ba shi da kamasho a cinikin.

An ce dubu casa'in da biyar a kwana. Da yake kwana biyar za mu yi, kuma Oktoba ce, ba Disamba ba da 'yan ƙasar waje ke cika garin farashi ya tashi, aka bar mana a tamanin da biyar. Sai kuɗin ajiya dubu hamsin, wanda suke kira "koshon fi", a mayar maka in ka fita ba ka ɓata komai ba. Na nemi a rubuto mini komai a WhatsApp: lokacin shiga ƙarfe biyu na rana, fita sha biyu, awannin janareto, ranar da za a dawo da ajiya. Na biya rabi, sauran na ce sai na riƙe makulli. Mu 'yan ɗakinmu muka yi karo-karo muka haɗa.

Muka tashi ranar Talata bayan sallar asuba a wata Sienna da muka ɗauka shata. But ɗin ya cika taf: garin alkama na Hajiya, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, man shanu, yajin daddawa, dubulan da alkaki na kayan biki, buta biyu, da ƙaramar kula mai ƙanƙara da maganinta ke ciki. Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna hanya ta yi kyau, daga Kaduna zuwa Abuja aikin titi ya ci mana lokaci. Muka tsallake gadar Murtala a kan kogin Neja da yamma liƙis, muka kwana a Lakwaja, domin na yi wa Hajiya alkawarin ba za mu yi tafiyar dare ba. Ɗaki biyu a wani ƙaramin otal, dubu ashirin da biyar kowanne, sauro kuwa sai wanda ya gani.

Rana ta biyu ita ce ta shingaye. Daga Okene zuwa Owo, Akure, Ife, har Ibadan, na daina ƙirgawa bayan na ashirin. Wasu su leƙo su ga tsofaffi biyu su ce mu wuce, wasu su nemi takardun mota. A wani shinge bayan Owo aka sa muka buɗe but, wani jami'i ya ɗaga ledar kuka, ya shinshina, ya kalli abokinsa. Kafin in yi bayani wani daga cikinsu ya taso yana dariya ya ce da Hausa, "Miyar kuka ce, na yi shekara huɗu a Katsina." Ya gaida Hajiya har da rusunawa, ta ba shi dubulan. Ƙasar kuma tun daga Kogi ta canja kama, duhun itatuwa, gonakin koko, jar ƙasa, da mata masu tallar doya da manja da dodon koɗi a bakin hanya. Gwaggo ba ta taɓa zuwa Kudu ba, tasbihi kawai take yi tana cewa ashe haka Allah ya shimfiɗa wa wasu ruwa.

Daga Ibadan titi ya buɗe. Da muka hau doguwar gadar nan ta kusa da Berger, sai ga Kara a gefe, shanu da raguna da 'yan'uwanmu cikin hula da sanda a kafaɗa, kamar ka ɗauko kasuwar Wudil ka ajiye. Daga Berger zuwa Ogba ba nisa, amma gosulon yamma ya riƙe mu kusan awa ɗaya. Muka isa ana kiran magariba.

Maigadin nan shi ya fara tarbar mu, ya karɓi jakar Hajiya yana "Sannunku da hanya, Mama." Matar da ke kula da gidan, Bayerabiya mai fara'a, ta zo da takarda mai jerin kayan gidan, har cokula an ƙirga. Kafin in sa hannu na ɗauki waya na bi ɗaki-ɗaki ina ɗaukar bidiyo a gabanta: ƙafar wata kujera da ke rawa, tsagewa a jikin madubin banɗaki, tabon ƙuna a kan teburin kicin. Ta ce ba komai, haka ya kamata. Sannan na tura sauran kuɗin.

Gida ne mai kyau, amma ba da irinmu a rai aka shirya shi ba. Banɗakuna uku, babu buta ko ɗaya, sai takarda. Allah ya sa mun zo da namu. A kicin akwai kofunan giya jere a kan kanta, babu muciya, babu tukunyar da za ta ɗauki tuwon mutum shida. A falo an rataye wani babban zane na mace, Gwaggo ta yafa masa mayafi kafin ta tayar da salla. Alƙibla kuwa, wayata ta nuna gabas da ɗan karkata zuwa arewa, amma Hajiya ba ta yarda ba sai da aka kira maigadi ya nuna da hannunsa. Maiɗakina ta wanke tukwanen nan sau uku da ruwan zafi, don ba mu san abin da aka dafa a ciki ba. Washegari matar Kawu ta aiko da babbar tukunya da muciya da tabarma biyu, gida ya zama gida. Abu na farko da na yi ni kuwa shi ne sa maganin Hajiya a firji, na tsaya na ji ƙararsa na aiki, sannan hankalina ya kwanta.

Maganar wuta ta fito yadda maigadi ya faɗa. Ranar Alhamis aka ɗauke tun ƙarfe goma sha ɗaya, fanka ta ci gaba da juyawa, firji bai tsaya ba, amma zafin Legas daban yake da namu. Na Kano yana ƙona fata, ka shiga inuwa ka huta. Na can gumi ne mai danƙo da ke bin ka har cikin ɗaki, wankin da aka shanya tun safe bai bushe ba har dare. Na tambayi matar dalilin da ba a tayar da janareto da rana. Ta zauna ta yi mini lissafi: layinsu yana rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, kuma tun watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗinsu zuwa sama da naira 200 kowane yunit, kusan ninki uku, ga dizal, ga baƙin da kan kunna na'urar sanyi uku su kulle ƙofa su fita yini guda. Ta ce kaso mai tsoka na kuɗin da na biya wuta ce ke cinye shi. Na yarda da ita, don na ga yadda mitar ke zaftare kati. Daga ranar duk wanda zai fita daga ɗaki sai ya kashe.

Inda muka sha wahala shi ne baƙi, kuma wannan ban hango shi ba sam. Dokar rukunin gidajen ita ce duk mai shigowa sai an ba shi lambar sirri ta waya, ya nuna a babbar ƙofa, kuma dokar gidan ta ce kada baƙi su wuce huɗu a lokaci ɗaya. An yi ta ne don masu kama gida su yi casu. To amma Hajiya ta zo gari! Safiyar Alhamis mata goma sha ɗaya suka taso daga Agege a Keke Marwa uku, da kulolin waina da kunun gyaɗa, za su yi mata barka da zuwa. Masu tsaron babbar ƙofa suka ce ba za su shiga ba. Na fito na tarar da surukar ƙanena, dattijuwa mai daraja, tsaye a rana da kula a hannu. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba. Na kira mai kula da gidan na ce mata gaisuwa ce, ba kiɗa ba rawa, za su zauna a tabarma su sha kunu su tafi. Maigadinmu ya je ya yi wa abokan aikinsa bayani da Yarabancinsa. Aka daidaita a kan su riƙa shiga shida-shida. Daga baya muka mai da zaman gaisuwa gidan Kawu, a ƙasa, ƙarƙashin rumfar da aka kafa, Hajiya ta yini can ta dawo Ogba ta kwanta. Da na san haka, da tun wajen ciniki na faɗa musu mu mutane ne masu jama'a, a rubuta adadin da za a yarda.

Kusancin kuwa ya biya kuɗinsa. Daga ƙofarmu a bi titin Oba Ogunji zuwa Pen Cinema, inda aka buɗe gadar sama a 2021, minti goma sha biyar ne in hanya ta yi kyau. Agege kuma in ka shiga wasu layukan sai ka manta a Kudu kake: masallatai, makarantun allo, masu tsire da balangu, masu goro, Hausa ta ko'ina, har da fadar Sarkin Hausawa. Kawu ya ce goro da jirgin ƙasa ne suka fara kawo kakanninmu wurin, kuma ga shi yau jirgin Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, yana tsayawa a tashar Agege. Na gane darajar Ogba sosai ran da na raka mata kasuwar Balogun sayen leshi. Mun fita ƙarfe bakwai, muka hau gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12 a kan ruwa, ba mu taka Idumota ba sai tara da rabi. Lekki kuma tana gaba da nan. Akwai wani gida a Lekki mai wurin ninkaya da ƙanwata ta so ƙwarai mu kama, a cikin motar nan, yaronta na kuka, ta juyo ta ce, "Yaya, Allah ya sa ba ka biye mini ba."

Aka ɗaura aure ranar Asabar da hantsi, lafiya lau. Daren nan samarin sama suka zo kamar yadda aka faɗa mana, kiɗa har ɗaya na dare. Da yake mun san da zuwansu, tun farko muka ba Hajiya ɗakin baya. Abincin Kawu bai taɓa fashi ba: tuwon shinkafa, miyar taushe, wani dare har da farfesun kan rago daga mayankar Oko-Oba. Da safe mu sayi burodin Agege mai laushin nan, maiɗakina ta dama kunu, ta tuƙa wa Hajiya na alkamarta ba gishiri da yawa ba. Na lissafa da otal muka sauka, ɗaki uku a dubu talatin da biyar-biyar, da mun haura dubu ɗari a kwana, kuma kowane abinci sai an saya, mai barkonon da cikin Hajiya ba zai ɗauka ba.

Daren ƙarshe Kawu ya zo da kansa, karo na farko da ya taka gidan. Ya zagaya, ya leƙa banɗakin Hajiya da ke cikin ɗakinta, ya buɗe firji ya ga maganin. Ya zauna a tabarma kusa da ita suka yi ta hirar mutanen da, har goma ta wuce. Da na raka shi bakin ƙofa ya ce, "Ka karɓar mini lambar matar nan. Surukaina na Sakkwato za su zo suna."

Litinin da safe aka zo duba kaya. Aka ƙirga cokula, aka duba zannuwan gado. Yaron da ya zo dubawar ya nuna madubin banɗaki ya ce mu muka fasa; na buɗe bidiyon ranar Laraba, ya kalla, ya ba da haƙuri. Tawul biyu kuwa lallen biki ya ɓata su, wannan namu ne ba musu, aka ce za a cire dubu shida. Na sallami maigadi da abin da ya sawwaƙa, Hajiya ta ƙara masa da sauran kuka da daddawa da man shanu, ya riƙe ledar da hannu biyu yana ta sa albarka, ya ce rabonsa da gida tun babbar salla.

Muka kama hanya ƙarfe bakwai, muka sake kwana a Lakwaja. Washegari, muna tsaye a Tafa direba na shan mai, waya ta yi ƙara: dubu arba'in da huɗu sun shigo. Hajiya na barci a kujerar baya, kular maganinta a kan cinya.